Wankan Tsakar Rana

Ni ban iya rubutu ba, sa wa na yi aka rubuta mini, kuma na ce kada a gyara mini magana. Sunana Indo, a Kurmin Mashi nake, daddawa nake yi. Wanda ya ji bakina ya yi kaushi, ya daure ya kai ƙarshe, sannan ya zo ya gaya mini da wane baki zan faɗe ta.

Shekara biyu bayan ƙidayar mutane wata Baturiya ta ɓullo mana, doguwa siririya, da jaka a rataye. Gida-gida take bi. Da farko maza suka ce haraji za a sa wa mata. Daga baya aka ce a'a, wata babbar makaranta ce ta ƙasarsu ta turo ta, ta zo ta san yadda muke zaune: yadda muke haihuwa, yadda muke jego, abin da muke ci. Mata suka sa mata suna Uwar Tambaya. Hausarta ba ta wuce ta gaisuwa da ɗan abin da ba a rasa ba, saboda haka da tafinta take yawo. Tafintan nan kuwa surukina ne, Malam Husaini na Badarawa, mijin 'yata ta fari. Ya taɓa boko bai ƙarasa ba, yana ɗinki a kasuwa yana jiran ranar da Allah zai mai da shi akawu.

Ranar da ta zo gidana ta zauna a tabarma, ta tanƙwashe ƙafa kamar mai ɗaukar karatu. Husaini ya tsuguna a bakin ƙofa, kai a ƙasa, yadda suruki ke yi. Tambayoyin da ta yi wa maƙwabciyata su ta yi mini, ba ragi ba ƙari. Haihuwa nawa? Nawa ke raye? A ina na yi wankan fari? Sai ta ce in faɗi sunayen 'ya'yana, in fara daga babba.

Na ce, "Malam, gaya mata ba a tambayata wannan."

Ya juya ya yi mata bayani da Turanci, cewa Bahaushiya ba ta kiran sunan 'yar fari, kunya ce. Sai na ga idon matar nan ya kawo haske kamar an ba ta kyauta.

Ta ce da Hausarta, "Ko sau ɗaya?"

Na ce, "Ko sau ɗaya. Tun ranar suna."

"In za ki kira ta fa?"

"In ce ke, ko in ce 'yar nan. Ta san da ita nake."

Ta duƙa tana ta rubutu. Da za ta tashi ta sa Husaini ya gaya mini duk abin da na faɗa amana ne, in ta koma ƙasarsu za ta canja sunan kowa, har sunan unguwa. Na yi dariya, na ce me na faɗa da za a ɓoye? Na ba ta daddawa ƙulli biyu, ta shinshina ta yi godiya.

A lokacin 'yar nan cikinta ya tsufa, cikin fari. Kowa ya san haihuwar fari a gidan iyaye ake wankanta. Tun kaka nake tara itace. Na aro babbar tukunya, na share ɗakin marigayi maigidana, na yi masa sabon daɓe. Ina jiran a kawo mini ita, sai ga Husaini shi kaɗai da goro a ganye.

Ya tsuguna ya ce, "Inna, wata alfarma na zo nema."

Na ce, "Ina ji, Malam."

"Baturiyar nan ta ce tambaya kaɗai ba ta isa ba. Ta ce mutane sukan faɗi wani abu, su aikata wani. Tana so ta zauna a gida ɗaya ta ga jego da idonta, daga haihuwa har arba'in. Gidajen da muka nema duk sun ƙi. Na ce mata ga gidana."

"To, ta zo nan ta gani. Nan za a yi wankan."

"Inna, motarta ba ta shiga hanyar nan. Kuma ta saba da Iya." Iya ita ce uwarsa, Talatu. Ya ƙara rage murya ya ce, "Ta ce in aikin ya yi kyau za ta yi mini magana a ofis. Inna, don 'yarki nake nema."

Na ce ban yarda ba. Ya ce ya ji, ya ajiye goro ya tafi. Ban yarda ba, amma ba a kawo ta ba. Sai labari na ji ta sauka lafiya a Badarawa, an sami mace.

Ranar suna gida cike da mata, ban ga komai ba. Bayan suna da 'yan kwanaki na ɗauki yaji da kaza na koma. Bazara ce, irin wadda mutum ke zaune a inuwa gumi na bin bayansa. Ina shiga ɗakin mai jego zafi ya doke ni a fuska. Na duba, sai ga gado na ƙasa sabon gini, da rami a ƙarƙashi, garwashi jajir a ciki, 'yar nan a kwance a kai.

Na ce, "Talatu, wannan fa? Rabona da ganin gadon wuta tun muna ƙauye."

Ta ce, "Ai ke dai bari, 'yar'uwa. Baƙuwarmu ce ta tambaya yadda kakanninmu ke yi, na asali. Na ce mata mu nan asalin muke yi. Kwana ɗaya magini ya tayar da shi."

"Ke a kansa kika yi jegon Husaini?"

"Ni a barikin soja na haife shi, ina na ga magini? Amma ita ta samu, sai a hana ta?"

Ban rufe baki ba na ji ƙarar mota. Rana ta take tsaka. Talatu ta miƙe tana kiran matan gida, a sauke tukunya, a kawo ganyen runhu. Na ce ba a yi wankan safe ba ne? Ta ce an yi. Na ce to wannan na mene ne? Ta ce na safe da duhu-duhu ake yi, baƙuwa ba ta iso ba, na yamma kuma ta tafi, ga shi akwatin hotonta ba ya ɗauka sai da rana. Shi ya sa aka ƙara mata ɗaya.

Ni na yi jego sau bakwai, na yi wa wasu. Safe da yamma na sani. Ban taɓa jin wankan tsakar rana ba sai a gidan Talatu.

Aka fito da 'yar nan bayan ɗaki, aka zaunar da ita a turmi da ɗaurin ƙirji. An ajiye wa Baturiya 'yar kujera a gefe. Ta ciro wani tsinken gilashi ta tsoma a tukunya, ta ɗaga ta duba, ta buɗe ido ta ce, "Kai! Da zafi!" ta rubuta. Talatu ta ji daɗin wannan "kai" ɗin kamar an yi mata kirari. Ta tsoma ganye tana fyaɗa wa yarinya a baya, tiriri na tashi. Ita kuwa ta cije leɓe, don uwar miji ce ke mata wanka kuma ga baƙuwa. Da aka gama aka miƙo mata ƙwaryar kunu. Na karɓa na kurɓa, na tofar. Kanwa ce zalla.

Na ce, "Haba Talatu! Wannan ai sai doki."

Ta ce, "Jiya baƙuwa ta auna kanwar da muke sawa, ta ce ta fi ta duk gidajen da ta tambaya. Kina so yau ta ga mun rage ta ce rowa muke?"

Na kalli Baturiya, ta yi mini murmushi. Ta ga tsofaffi biyu na musu a kan kunu, wannan ma ta rubuta.

Uwa ba ta zarya gidan 'yar fari, ana ce mata marar kunya. Na san haka, na riƙa zuwa. Da ƙafa nake tahowa daga Kurmin Mashi, in bar daddawa a rufe.

Zuwan da na yi na gaba na tarar fuskarta ta cika, ƙafa ta cika. Awarwaron da na ba ta ranar aurenta ya nutse a tsintsiyar hannu. Talatu ta riga ni magana.

"Kin ga yadda ta murje? Kiwo ke nan. Baƙuwa ma ta ce a ƙasarsu ba a kula da mai jego haka."

Na kama ƙafar yarinya na danna da babban yatsa. Na ɗauke yatsa, ramin ya zauna. Na ce, "Ƙiba ce ke yin haka?"

Ta ce, "To, sanyi ne ke fita. Maganinsa wuta. A ƙara gawayi."

Na ce da 'yar nan, "Ke, ina ke miki ciwo?"

Ta kalli ƙofa tukuna, sannan ta ce a hankali, "Inna, in na kwanta kamar an ɗora mini dutsen niƙa a ƙirji. A zaune nake samun numfashi."

Talatu ta ce, "Nono ne ya kawo. Kowace mai jego haka take ji."

Ran nan Baturiya ta ce za ta yi hira da mai jego. Ga yadda aka yi hirar, a ji. Yarinya a jingine da bango. Uwar miji a kanta tana mata fifita. Miji a bakin ƙofa shi ne tafinta. Baturiya ta tambaya yaya take jin wankan. Me za ta ce? Ta ce, "Alhamdu lillahi." Aka tambaye ta ko wani abu na damunta. Ta buɗe baki tari ya sarƙe ta, Talatu ta amsa mata, "Babu komai sai alheri." Husaini ya juya ya zuba Turanci mai tsawo.

Na ce, "Malam, gaya mata ba ta iya kwanciya. Gaya mata ta dubi ƙafarta."

Ya ce, "Na gaya mata, Inna."

Ya yi wata 'yar gajeriyar magana, Baturiya ta kalle ni da tausayi ta gyaɗa kai. Ban san abin da ya ce ba, amma na san irin kallon da ake yi wa tsohuwa mai mita.

Na tare shi a zaure. Ban taɓa tsayawa da suruki ido da ido ba sai ran nan. Na ce a kai ta asibiti, in ba haka ba a ba ni ita in tafi da ita gida.

Ya ce, "Inna, asibiti maza ne za su duba ta, tana cikin jego. Me za a ce da ni a unguwa?"

"Akwai mata a can."

"Iya ta ce sanyi ne. Iya ta fi ni sanin wannan."

"To, a daina na ranar. A kashe wutar gadon."

Ya ce, "In aka canja yanzu aikin ya lalace. Baturiya ta ce so take ta ga abu yadda yake, kada a canja komai saboda ita. Saura kaɗan a yi arba'in. Ranar da aka yi, ni da kaina zan kawo miki ita."

Kada a canja komai saboda ita! An gina gado saboda ita, an ƙara wanka saboda ita, an hana ni 'yata saboda ita. Abu ɗaya ne kawai ba za a yi saboda ita ba, a bar yarinya ta huta.

Na wuce wurin mai unguwar Badarawa. Ya saurare ni yana tauna goro. Ya ce matar mutum ba ta fita sai da izinin mijinta. Ya ce wankan jego ba yau aka fara ba. Ya ce, "Baba, kuma 'yar fari ce fa. Ki ɗan ja baya, kada a yi da ke." Da na miƙe ya ƙara da cewa Baturiyar nan da takardar hukuma ta shigo unguwa, shi ba zai sa hannu a abin da take kallo ba.

Na ce to, bari in je wa mai kallon. Washegari na zauna a gindin tsamiyar da take ajiye mota. Tana fitowa na kama hannunta, kafin Husaini ya fito tarbarta. Na ja ta har ɗaki. Talatu na bayan gida wajen tukunya. Na yaye zanen ƙafar yarinya, na kama yatsan Baturiyar da kansa na danna shi a ƙaurin. Ta ɗauke, ta ga ramin. Na nuna mata wuyan, jijiya ta tashi tana harbawa. Na nuna mata tsumman da take tari a ciki, kumfa ce da ɗan ja-ja. Wannan ba ya bukatar tafinta.

Fuskarta ta canja. Ta ce, "Ba ta da lafiya."

Na ce, "Madalla, kin gani. Ga motarki a waje."

Ta ce, "Ni ba likita ba ce."

"Ban ce ki yi mata magani ba. Ɗaukar ta za ki yi."

"Zan yi magana da Malam Husaini."

Ta kuwa yi. Ina jin su a zaure, muryarta na hawa, tasa na sauka. Da suka shigo ba ta iya kallona ba. Ta ce wa Talatu da bakinta, "Yau a bar wanka." Talatu ta yi dariya ta ce, "Ayya baƙuwarmu, ruwa ya riga ya tafasa. Ba a zubar da ruwan jego." Husaini ya fassara. Na zuba wa matar nan ido in ga me za ta yi. Ta tsaya, ta tsaya. Sannan ta je ta zauna a 'yar kujerarta. Ba ta ɗauki hoto ba ran nan, wannan na shaide ta. Amma ta zauna, kuma muddin tana zaune Talatu ba za ta sauke ganye ba.

Na shiga tsakani na riƙe hannun Talatu. Ta kwarma ihu, matan gida suka taru.

"Ku zo ku ga abin kunya! Uwa na kokawa a kan 'yar fari! Indo, a gaban baƙuwa? So kike a kai mu Ingila a ce Hausawa ba su da ta ido?"

Suka fitar da ni har waje. Husaini ya ce, kai a ƙasa, "Inna, ki yi haƙuri, kada ki dawo sai ranar arba'in."

Kwana biyu ina neman wanda zai tsaya mini. Ƙanin maigidana yana Zariya, na aika ba amsa. Liman ya ce zai yi wa Husaini nasiha ranar Juma'a. Na ga Juma'a ta yi mini nisa. Na je kasuwa na sami wani mai amalanke, Tanko, na ce zai ɗauko mini marar lafiya zuwa asibiti. Na shimfiɗa tabarma da zane a amalanken. Na ce ko za a kashe ni sai na fito da ita.

Mun isa rana tsaka. Mota na gindin tsamiya. Tanko ya tsaya a ƙofar gida, na kutsa ba sallama. Tun daga tsakar gida nake jin fyaɗin ganye.

Mata biyu ne ke riƙe da ita a kan turmin, don ba ta iya zama da kanta. Kanta ya langaɓe. Awarwaron babu, ashe sai da aka kira maƙeri ya yanke shi. Baturiya na tsaye wannan karon, hannu a baki. Na ture wadda ke dama na rungumi yarinyar. Jikinta zafi kamar tukunyar, tafin hannunta kuwa sanyi ƙalau. Ta ɗago ido ta gan ni.

Ta ce, "Inna, kin zo?"

Na ce, "Na zo. Tashi mu tafi gida."

Ta ce, "To."

Ta ja numfashi yana ƙara kamar ruwa a maƙogwaro, ta sake ja, ba ta ƙara ba. Ina riƙe da ita ina cewa ke, ke, ke. Shi ne abin da na iya kiran ta da shi.

Sai a lokacin Baturiya ta ce, "Mota! A kawo ta mota!" Talatu ta saki ganye ta ɗora hannu a ka tana salati. Tanko ya juya da amalankensa ba kowa a ciki. Kafin la'asar an kai ta.

A zaman makoki kowa ajali yake cewa. Na san ajali, ba yau na fara binne nawa ba. Amma ajali bai gina gado a bazara ba. Na nemi a ba ni jaririyar, Talatu ta ce jininsu ce, an ba wata mai goyo a gidan. Bayan sadakar bakwai na koma wa mai unguwa, ya ce in bar wa Allah. Na tafi ofishin Di'o, Baturen mulki. Na yi sawu har masinja ya gaji da ni ya shigar da ni wurin wani akawu. Shi dai ya saurara. Ya ce wankan jego ba laifi ba ne a wurin hukuma, amma in an nuna wa miji matarsa na halaka ya hana a kai ta magani, wannan magana ce. An kira Husaini, ya rantse ba wanda ya san ba ta da lafiya, kowa ƙiba ya ɗauka. Matan gida suka bi bayansa. Akawu ya ce, "Baba, akwai wanda ba ɗan gidan ba da ya gani da idonsa?"

Na ce akwai. Akwai wadda aikinta ke nan, gani. Ta zauna a kujera tun daga haihuwa har mutuwa.

Na same ta a gidan saukar baƙi na bariki, tana ɗaure akwatuna. Ta rame. Ta ba ni kujera, na ƙi zama. Kukunta ya tsaya mana tafinta inda Hausarta ta gaza. Na ce ta zo ta faɗa wa Di'o abin da yatsanta ya taɓa, da abin da ta gaya wa Husaini a zaure, da amsar da ya ba ta.

Ta ce, "Ya ce in na sa baki, duk gidajen Badarawa za su rufe mini ƙofa. Ya ce uwarsa ta san ciwon, yana wucewa. Ni baƙuwa ce. An koya mana mu duba, kada mu sa hannu."

Na ce, "Wannan ɗin za ki je ki faɗa."

Ta ce ba za ta iya ba. Ta ce kafin ta shiga gidan ta yi musu alkawari duk abin da ta gani amana ne. Ta ce in ta kai su gaban hukuma, duk wanda ya zo bayanta da irin aikinta ba Bahaushen da zai ƙara buɗe masa baki. Ta ce amma za ta rubuta komai, zafin ruwan, kanwar, kumburin, likitoci za su karanta, wataƙila a ceci wasu matan. Tana faɗa tana hawaye.

Na ce, "Za ki rubuta wankan tsakar rana?"

Ta ce za ta rubuta.

"Za ki rubuta don wa aka ƙara shi?"

Ta juya ta ci gaba da ɗaure akwati.

Na ce, "Kuku, gaya mata da kyau, kada ka rage. Ta zo ganin yadda muke, aka dafa mata abin da ba ma yi, ta auna ta rubuta. Ta tambayi yarinya a gaban mai dukanta da ganye, ta bakin wanda ya hana ta fita, ta rubuta alhamdu lillahi. Ta ce ba ta sa hannu, alhali tun ranar da ta ajiye kujera a gidan nan hannunta ke cikin tukunyar. Yanzu za ta canja suna don ta rufa asiri. Asirin wa? Wadda ke kabari ba ta da sauran abin rufewa. Husaini za ta rufa wa, da Talatu, da kanta."

Kuku ya faɗa, yana faɗa yana share gumi. Ta ce in gafarta mata. Na ce ba ni aka dafa ba. Na fito.

Ba shaida, maganar ta mutu a ofis. Baturiya ta hau jirgin ƙasa. Kafin damina ta ƙare Husaini ya bar keken ɗinki, yanzu da farar riga yake fita, ana ce masa akawu. Gadon wutar an rushe shi, ba wadda ta ƙara hawa. Jikata tana can ta fara tafiya, in na je daga zaure ake miƙo mini ita in gani. Itacen da na tara yana nan bayan ɗakina, gara na ci, na kasa sa shi a murhu.

An ce mini littafin zai fito a ƙasarsu. A ciki Badarawa za ta zama wata unguwa a Arewa, Husaini ya zama wani mai gida mai taimako, wankan rana ya zama al'adar Hausawa. 'Yar nan kuwa a ba ta sunan wata, a ce ta rasu bayan haihuwa. Turawa su karanta su ce haka suke yi. To, ba haka muke yi ba. Haka aka yi a gidan Malam Husaini ɗan Talatu, a Badarawa, don baƙuwa ta sami abin kallo shi kuma ya sami kujera. Wanda ya ce ƙarya nake, ga ni a Kurmin Mashi, a tambayi gidan mai daddawa.

Ran farko matar nan ta tambaye ni suna na hana ta, ta ji daɗi ta rubuta. Ran ƙarshe ma ban ba ta ba, don na san canja shi za ta yi. Mai yi mini rubutun nan ya ɗaga alƙalami yana kallona, don Bahaushe ne, ya san abin da zan yi. Shekara goma sha tara ina riƙe da shi a baki saboda kunya, har ta cika a hannuna ina ce mata ke. Waɗanda suka ce mini marar kunya su zo su ji da kyau.

Zainabu. Sunanta Zainabu. Rubuta, malam, kuma kada ka canja ko ɗigo.